Ƙorafi a Kan Mutumin da Ya Dafa Haƙoransa

Daga:
Tsohon Rajistaran Kotu (mai ritaya),
Majinyaci mai kati lamba 4417,
Gida na 26, layin bayan gidan waya.

Litinin, 2 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Daraktan Asibitin Haƙori,
Ta hannun Shugaban Ofishin Karɓar Ƙorafe-ƙorafe.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN MAJINYACI MAI KATI LAMBA 4417, DA KWAMITIN DA YA GASKATA SHI, DA KUMA DAKATAR DA MA'AIKACIYAR ƊAKIN HAƊA HAƘORA BA BISA HAƘƘI BA

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarka, ina neman izinin gabatar da ƙorafi. Kafin ka mayar wa magatakarda takardar nan a kan an yi kuskuren lamba, ina tabbatar maka babu kuskure. Lambar mai ƙorafi da ta wanda ake ƙorafi a kansa ɗaya ce, kuma ni ne duka biyun. Abin da ya sa na biyo ta wannan hanya yana sakin layi na 10, kuma wannan ɗin laifin ofishinka ne. Sauran laifin kuwa akasarinsa nawa ne.

Ga abin da ke gabanmu. Ranar Laraba, 11 ga Yuni, kwamitin ladabtarwa zai zauna ya yanke ko a sallami ma'aikaciyar ɗakin haɗa haƙora, wadda duk asibitin ke kira Mai Awo, bayan shekara goma sha tara tana aiki a nan. Takardar da na rubuta ce ta kai ta wannan hali. Ina roƙon ka karanta wannan kafin ranar.

1. Shekara goma sha ɗaya na yi ina fama da haƙoran roba. Na sama mai ladabi ne, inda aka ajiye shi nan yake kwana. Na ƙasa kuwa bai taɓa yarda cewa bakina gidansa ba ne. Shekarun ƙarshe na aikina, ina karanta wa mutum tuhuma rabin hankalina na kan takarda, rabi na kan haƙoran, har lauyoyi suka ɗauka tsabar nutsuwa ce ke sa nake magana a hankali. Babu man manne haƙori da ban gwada ba. Na daina dariya a cikin mutane, na daina cin nama a gidan biki, atishawa kuwa sai na juya wa jama'a baya na tare baki da hannu biyu.

2. Ranar Talata, 9 ga Yuli, 2024, likitan haƙori na wannan asibiti ya dasa mini turakun ƙarfe huɗu a ƙashin muƙamuƙina na ƙasa. Da ƙashi ya kama su, ranar Talata, 12 ga Nuwamba, aka ɗaure wata siririyar sandar ƙarfe a kansu, ta bi layin dasashi. Mai Awo ce ta haɗa haƙoran da za su hau sandar, ta dasa 'yan maƙalai uku na roba a cikinsu, ruwan ɗorawa, waɗanda ke kama sandar su riƙe. Sau uku ta auna bakina, na yi mata mita a duk ukun. Da ta ɗora haƙoran ta danna, sai na ji ƙas, suka zauna daram. Ta ce in ture su da harshe. Na tura, ko motsi. Ranka ya daɗe, ina so a rubuta a fayil cewa a ranar na sayi tuffa a bakin ƙofar asibitinka, na cinye ta a tsaye ina waige-waige kamar wanda ya sato. Aikin ba shi da aibi ko na ƙwayar zarra. Na san haka a ranar, na kuma san haka ranar da na rubuta akasinsa.

3. Kafin in tafi, ta ba ni kati mai ɗauke da ƙa'idoji huɗu, ta kuma karanta mini su da baki. A danna haƙoran da manyan yatsu, kada a cije su su shiga. A goge ƙarƙashin sandar da ɗan ƙaramin buroshi kullum. A dawo bayan wata uku a duba maƙalan. Na huɗu kuma, kada ruwan zafi ya taɓa su, domin zafi yana lanƙwasa roba ya kashe maƙalan. Kalmominta, kamar yadda suka fito: "Baba, ruwan da za ka yarda a yi wa jariri wanka da shi, shi za ka wanke su da shi." Na gyaɗa kai irin gyaɗawar mutumin da ya shugabanci ma'aikata arba'in tun ba ta gama makaranta ba. Da na isa gida na tarar teburin cin abincinmu yana rawa, na ninke katin biyu na cusa a ƙarƙashin ƙafarsa. Teburin ya daina rawa.

4. Ina tuhumar majinyaci mai lamba 4417 da karya uku daga cikin ƙa'idojin nan huɗu, da gangan, yana cikin hayyacinsa. Ya riƙa cije haƙoran su shiga, domin ƙarar tana masa daɗi. Bai zo duba maƙalan ranar 11 ga Fabrairu ba, domin a ganinsa abin da ke aiki ba ya bukatar likita. Mafi muni, tun yana yaro ya taso da imanin cewa abin da bai tafasa ba bai tsarkaka ba. Saboda haka kowace safiya yakan ɗora ƙaramar tukunya, ya jefa haƙoransa a ciki, ya ba su minti biyar cif, kamar ƙwai. Maiɗakinsa ta hana shi, ya ƙi. Ta yi masa nasiha, ya kawo mata bayanin ƙwayoyin cuta. Daga nan ta koma tambayarsa duk safiya, ko yau da miya za a kawo masa su ko haka nan zai ci. Wata huɗu ana wannan girki.

5. A tsakiyar watan Maris haƙoran suka fara rawa. Jan launin robar haƙoran ya koɗe, ƙas ɗin nan ya koma wani ɗan lakaf mara ƙarfi. Mai hankali zai dawo asibiti. Ni kuwa na tuna zan tsaya gaban Mai Awo ta tambaye ni da wane ruwa nake wankewa, sai na wuce wurin aminina mai gyaran agogo, wanda ke da teburi a ƙarƙashin matattakalar wani bene a kasuwa. Shekara arba'in muna tare. Ya maƙala madubinsa a ido, ya jujjuya haƙoran, ya ce shi da ya tayar da agogunan da masu su suka yi wa ta'aziyya, haƙori ba zai gagare shi ba. Ya zaƙulo maƙali ɗaya da tsinkensa don ya duba, maƙalin ya yi tsalle ya faɗa cikin gwangwanin ƙananan kusoshi, har yau ba a gan shi ba. A gurbinsa ya lanƙwasa wata waya ta cikin agogo, ya manne da gam. Ba na ƙorafi a kansa. Ya yi iyakar iliminsa, kuma ya gargaɗe ni kada in ɗaga murya.

6. Ranar Asabar, 12 ga Afrilu, na ɗaga murya. Taron ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan kotu ne, ana zaɓen sakatare, ni da wani tsohon tafinta muke takara, mutumin da muka shekara ashirin muna gaisawa ba don so ba. Ina tsakiyar jawabi, na zo daidai inda nake bayanin cewa ƙungiya tana bukatar mutum mai riƙon amana wanda abu ba ya kuɓuce masa, sai haƙorana na ƙasa suka fita. Ba faɗuwa suka yi ba, tashi suka yi. Suka sauka a kan teburin shugabanni, suka zame a kan leda, suka tsaya a jikin kofin shugaban taro suna fuskantar jama'a. Tafintan ya miƙe cikin natsuwa, ya zaro hankici ya ɗauke su, ya ɗaga sama, ya roƙi shugaba da a karɓe su a matsayin shaida ta ɗaya. Wani dattijo da aka kawo a keken guragu sai da aka ba shi ruwa. Na sha kaye, shi ƙuri'a talatin da ɗaya, ni huɗu, kuma ɗaya daga cikin huɗun tawa ce.

7. Ranar Litinin, 14 ga Afrilu, na rubuto wa wannan ofishi takarda shafi uku. Tana cikin fayil, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi kyau. Shekara talatin da uku a rajista sun koya mini yadda ake jera gaskiya ɗaya bayan ɗaya har ta haifi ƙarya. Na ce an haɗa mini haƙora a watan Nuwamba, gaskiya ne. Na ce cikin wata biyar sun kunyata ni a bainar jama'a, gaskiya ne. Na ce wadda ta haɗa su ita ce Mai Awo, gaskiya ne. Ban ambaci tukunya ba, ban ambaci mai agogo ba. Sannan na sa kalmar "sakaci" sau huɗu, "ganganci" sau biyu, na rufe da tunatar da asibiti cewa na san hanyar kotu ko da an rufe mini ido. Tafintan nake so in mara, amma shi ba shi da ofishin ƙorafi. Ita tana da shi.

8. A nan ne ƙorafina ya hau kan kwamitinka, kuma ina roƙon a yi mini uzuri idan harshena ya yi kaifi. Ranar Laraba, 30 ga Afrilu, kwamitin mutum biyar ya zauna. An ba ni kujera mai taushi, an kawo mini shayi, shugaban ya kira ni "ranka ya daɗe" har sau bakwai, na ƙirga. Mai Awo tana kan benci a bakin ƙofa. Sau uku ta roƙi a sa in cire haƙoran a ɗora a tebur. Ta ce ko daga inda take zaune tana hango robar ta koɗe, kuma ruwan zafi ne kaɗai ke yin haka. Shugaban ya ce ba tarbiyya ba ce a sa dattijo ya cire haƙoransa a gaban mutane. Ranka ya daɗe, dattijon nan ya riga ya cire su a gaban mutum talatin da biyar, har da mai ɗaukar hoto. Magatakardan zaman ya rubuta cewa ma'aikaciyar "ta yi ƙoƙarin ɗora laifi a kan majinyaci". Abin shaida guda ɗaya tak da shari'ar ke da shi yana cikin ɗakin tun farko har ƙarshe, yana cikin bakina, yana shan shayi. Likitoci biyu na haƙori suna zaune a kwamitin, babu wanda ya ce in buɗe baki. Ni ma ban buɗe ba, na riƙa amsa tambaya da leɓe a tsuke, su kuma suka ɗauka ɓacin rai ne. A kotun da na yi aiki, alƙalin da ya yanke hukunci bai kalli abin shaida ba, ko masinja sai ya yi da shi a bayan ofis. An gaskata ni saboda rigata da tsarin rubutuna, an ƙaryata ta saboda tana kan benci. Ranar Juma'a, 2 ga Mayu, aka dakatar da ita, ni kuma aka rubuto mini takardar ban haƙuri tare da alkawarin sababbin haƙora daga wani ɗakin haɗawa na waje.

9. Ranar Talata, 20 ga Mayu, na zo a auna ni don sababbin. A bakin ƙofar asibiti, daidai inda na ci tuffa, na yi kiciɓis da ita. Ta zo kwashe kayanta ne, tana rungume da kwali, na hango ma'auninta da kofin shayinta da silifas ɗin da take sawa a ɗakin aiki. Na shirya wa zagi, har na ji ina marmarinsa. Sai ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida. Ina amsawa tana kallon bakina, ba idona ba. Sannan ta ce: "Baba, har yanzu cizawa kake yi. Da yatsa ake dannawa. Kuma ko me aka sa a ciki, a cire shi, yana gurzar sandar, zai ja maka ciwo a ƙashi." Ta tambaya ko ina goge ƙarƙashin sandar. Na ce ina gogewa, kuma wannan ita ce ƙa'ida ɗaya da na kiyaye. Ta ce madalla, ta gyara riƙon kwalinta ta tsallaka titi. Ban shiga awon ba. Na koma gida na faɗa wa maiɗakina. Washegari na tarar ta zaro katin nan daga ƙarƙashin teburi, ta miƙar da shi, ta ajiye a gefen farantina. Kullum nan nake tarar da shi. Teburin ya koma rawa, kuma babu wanda ya isa ya gyara shi a gidan nan.

10. Ranar Alhamis, 22 ga Mayu, na zo Ofishin Karɓar Ƙorafe-ƙorafe don in janye takardata. Akawun da ke kan kanta ya ce an rufe fayil, kuma babu fom na janyewa, domin tun da aka buɗe ofishin ba a taɓa samun wanda ya nema ba. Na ce to ga na farko. Ya ce in dawo Talata. Ranar Talata, 27 ga Mayu, shugaban ofishin da kansa ya yi mini bayani cewa fayil ɗin da aka rufe ba ya buɗuwa sai da sabon ƙorafi, kuma dole sabon ƙorafi ya kasance a kan wani. Ya tambaye ni a kan wa. Na ba shi lambata. Ya ce mutum ba ya ƙorafi a kan kansa. Na roƙe shi ya nuna mini inda ƙa'ida ta hana. Ya yi minti arba'in yana buɗe kundin dokokin ofis, yana lasar yatsa, bai samu ba. Ina yaba masa da ya amsa cewa bai samu ba. Amma ina ƙorafi a kan ofishin da ƙarya ke shiga cikinsa a rana ɗaya, gaskiya kuwa sai ta yi sawu biyu a ce mata babu fom.

11. Tare da wannan takarda akwai abubuwan shaida. Na ɗaya, haƙoran kansu, a cikin gwangwanin ganyen shayi, na naɗe su da auduga. A duba launin robar, a duba maƙalai biyun da suka rage yadda suka saki, a duba waya da gam a gurbin na uku. Na biyu, katin ƙa'idoji, da shatin ƙafar teburi a tsakiyarsa. Na uku, bayanin mai gyaran agogo da sa hannunsa. Ya roƙi a rubuta cewa wayar mai kyau ce. Tukunyar ma tana nan idan ana bukata, tun da ba a sake girki a cikinta ba. Maiɗakina a shirye take ta ba da shaida, shirin da ya ɗan wuce yadda nake so.

12. Tun jiya da na rufe gwangwanin, babu komai a ƙasan bakina sai sandar. Harshena ba ya barin ta. Ko ina zaune ko ina tafe sai in ji ya koma yana shafa ta daga wannan turke zuwa wancan. Tana nan daram, santsi, babu inda ta goce ko kaɗan. Duk abin da aka yi mini a asibitin nan yana nan yadda aka yi shi. Abin da na taɓa da hannuna ne kawai ya lalace, har da aikin matar da ta auna ni sau uku ina mita. Na kai shekarun da mutum ke fara lissafin abin da za a tambaye shi, kuma ban ga yadda zan yi bayanin wannan da tsarin sakin layi ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Darakta:

(a) Ya dakatar da zaman sallama na ranar 11 ga Yuni, ko ya mayar da shi zaman sake duba shari'ar.

(b) Ya sa a buɗe gwangwanin a gaban kwamiti, a miƙa wa Mai Awo haƙoran ta yi bayaninsu, tun da sau uku ta roƙi hakan.

(c) Ya mayar da ita bakin aikinta da takardar wanke ta, a kuma goge maganar "ɗora laifi a kan majinyaci" daga fayil ɗinta. Ba ɗora laifi ta yi ba, inda yake ta nuna.

(d) Kada a cire takardata ta 14 ga Afrilu. A manne wannan a bayanta, domin duk wanda ya karanta waccan ya ji ta burge shi ya juya shafi.

(e) Ya sa a buga fom na janye ƙorafi. Idan babu mai tsarawa, ina da lokaci.

(f) Ya soke sababbin haƙoran da aka yi mini alkawari daga waje. Ba zan sa wasu ba sai waɗanda ta haɗa, idan ta yarda. Idan ta ƙi, haƙƙinta ne, zan ci gaba da shan abinci mai ruwa-ruwa, kuma ba zan rubuto wa kowa ba.

A ƙarshe, ina roƙon a ba ni izinin halartar zaman. Kada a kawo mini shayi, kuma a bar mini bencin bakin ƙofa. Na rubuta mata ban haƙuri na layi shida, ba sakin layi, ba lamba, ina so in karanta da bakina a gaban mutanen da suka ji ni ina ɓata ta. Ina sanar da kwamiti tun yanzu cewa ba tare da haƙoran ƙasa ba, wasu haruffa suna fita da iska, wasu da yawu, wasu ba sa fita sam. Na gwada a gaban maiɗakina, ta ce ba ta gane rabinsa ba, amma tun da ta aure ni ba ta ji na yi magana mai ma'ana kamar wannan ba. Duk wanda dariya ta kama kada ya danne ta saboda furfurata. An riga an danne gaskiya sau ɗaya saboda furfurar nan, kuma ga inda ya kai mu.

Ina jiran umarninka kafin ranar Laraba, tare da biyayya da girmamawa, da kunyar da ta dace.

Naka mai ƙorafi, kuma wanda ake ƙorafi a kansa,

(sa hannu)
Tsohon Rajistaran Kotu,
Majinyaci mai kati lamba 4417.

Kwafi zuwa ga:
Ma'aikaciyar ɗakin haɗa haƙora, Mai Awo.
Maiɗakina, wadda ta ce ba za a gyara teburin ba sai ta ga hatimin karɓa a kan wannan shafi.